Gidan haya na farko: Dubai ko Abuja?

Assalamu alaikum. Ina aiki a Doha, da riyal ake biya na albashi, kuma na rasa ƙasar da zan sayi gidan haya na farko.

Na fara duba Dubai, domin tun 2002 aka yarje wa baƙi mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, kuma darajar dirhami a ɗaure take da dalar Amurka. Sai dai bankin da na tuntuɓa ya ce tunda ba ni da takardar zama a can, sai na biya rabin kuɗin gidan kafin ya ba ni rance, ga kuma kashi 4 cikin 100 na rajista. Wannan ya fi ƙarfin ajiyata.

A Abuja kuɗin zai isa, amma dillalin ya kasa nuna mini takardar shaidar mallaka, kuma abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar naira tun 2023, wadda ke cinye kuɗin haya da zarar an canza shi zuwa riyal.

Ga waɗanda suka taɓa saye daga nesa, shin in jira har ajiyata ta isa gidan Dubai, ko in nemi mai cikakkun takardu a Abuja yanzu?