Shiga KADCCIMA: me ƙaramin ɗan kasuwa zai samu, kuma ta ina ake farawa?

Mai Garin Yaji, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan cibiyar 'yan kasuwa ta Kaduna, wato KADCCIMA. Mai ƙaramar sana'a irin ta sarrafa yaji da garin citta, da ma'aikata huɗu ko biyar, akwai amfanin ya yi rajista da su? Wasu sun ce ta manyan alhazai ce kawai. Kuma ana samun rance ta hanyarsu?

Akanta, Unguwar Rimi: Wa'alaikumus salam Hajiya. A fara cire maganar rance. Cibiyar ba banki ba ce, ba kuma ma'aikatar gwamnati ba. Ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da kansu, an kafa ta a 1973, tana ƙarƙashin uwar ƙungiya ta ƙasa, NACCIMA. Mai neman rance Bankin Masana'antu zai nufa, ko bankinsa, ko ya bi ta shirye-shiryen SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Abin da cibiya ke iya yi shi ne ta sanar da ke idan an buɗe wani shiri, ta zaunar da ke da jami'an bankin a taro, wani lokaci ta ba ki takardar shaida cewa ke mamba ce. Takardar na ƙara wa fayil nauyi, amma ba ta zama madadin lissafin kuɗi ba.

Kafin ki je, ki haɗa waɗannan: takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko da ta sunan kasuwanci ce kawai, lambar biyan haraji, asusun banki da sunan kasuwancin, ba da sunanki ba, hotunan fasfo, da shafi ɗaya mai bayanin abin da kike sarrafawa da adadin da kike iya fitarwa a wata. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne rahoton shekara na CAC. Mai sunan kasuwanci ana so ya shigar da shi kafin ƙarshen Yuni kowace shekara. Idan aka daɗe ba a shigar ba, duk wanda ya duba sunan a shafin CAC zai ga an nuna ba ya aiki, tara kuma na taruwa. A gyara wannan tukuna.

Tsohon Mamba, Kakuri: Malam Akanta ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da abu ɗaya: biyan kuɗin shekara a zauna a gida asara ce. Amfanin yana cikin rukunin sana'a. Idan za ki cike fom, ki tabbatar an sa ki a ɓangaren noma da sarrafa abinci, ki tambayi ranar da suke zama, ki riƙa zuwa. A nan ake jin wane ne ke da injin busarwa da ba ya aiki kullum, wane ke sayo leda da kwalba daga Legas ko Kano da za a iya haɗa oda da shi a rage kuɗin mota. Kuma idan ana kukan yawan haraji, ko masu karɓar kuɗi sun zo shago sau uku da rasit iri uku, wasiƙar mutum ɗaya ba ta nisa. Wasiƙar da cibiya ta sa hannu zuwa hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ita ake kira a zauna a kanta. Amma sai kun kai musu hujja: rasit, kwanan wata, sunan harajin, nawa aka karɓa.

Dillalin Hatsi, Kawo: Ni ban ga dalilin gaggawa ba. Wanda duk cinikinsa a cikin Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci yake, ƙungiyar layinsu ta fi yi masa amfani. Ita ke sasanta rikicin shago, ita ta san mai gadi. Cibiya ta wanda yake son fita daga unguwa ce, ya sayar wa manyan kantuna ko otal ko ya ƙetare iyaka.

Tsohon Mamba, Kakuri: Haka ne Alhaji, ba na musu. Sai dai mai garin citta a Kaduna ai fita zai yi ko ba jima. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko har ƙasashen waje ake nemanta.

Mai Baje Koli, Barnawa: Bari in yi maganar kasuwar duniya, wato bikin baje koli na Kaduna, don nan ne akasarin mutane ke fara ganin aikin cibiyar. Cibiyar ke shirya ta tun 1979, ana yi a filin baje koli na Rigachikun, kan hanyar Zariya, galibi tsakanin Fabrairu da Maris, kwana goma. Ba sai mamba ke kama rumfa ba, amma ki tambayi ko akwai rangwamen mambobi kafin ki biya.

Ki kama wuri da wuri, wata biyu kafin buɗewa idan da hali. Ki je da ƙafarki ki ga filin, kada ki zaɓa a kan takarda. Rumfa ƙarama a bakin hanyar da jama'a ke bi ta fi babba a lungu. Ki tambaya a rubuce: kuɗin ya haɗa da wuta? Katin shiga nawa ake ba ma'aikata? Wa ke gadi da dare? Lokacin akwai ƙura da zafi, saboda haka kayan gari a rufe su ruf, a ɗora su a kan katako, kada su taɓa ƙasa.

Kayan da za a kai a raba su uku. Ƙananan ƙulli na ɗanɗano, kamar giram 20, na kyauta. Matsakaita na masu saye ɗaɗɗaya, su ke mayar da kuɗin rumfa, musamman Asabar da Lahadi. Sai katan biyu ko uku a rufe da takardar farashin sari, na dillalai, waɗanda suka fi zuwa tsakiyar mako da safe lokacin da babu cunkoso. A tanadi na'urar POS da layin waya biyu na kamfani daban-daban, don idan jama'a suka cika sabis kan yi nauyi.

Babban kuskure kuwa shi ne a tashi da aljihu cike da kuɗi, littafi babu komai. A ajiye littafi ɗaya: sunan wanda ya tambayi sari, garinsa, lambarsa, katan nawa yake so. A kira shi cikin mako guda da rufe kasuwa. Bayan wata ɗaya ya manta da rumfarki.

Mai Garin Yaji, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. To idan kaya ba su da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, fa?

Mai Baje Koli, Barnawa: Kada a kai abinci a ƙunshe babu lamba, Hajiya. Jami'an hukumar kan kasance a filin, kuma babu babban kantin da zai karɓa. A fara neman lambar tun yanzu, don sai sun zo sun duba ɗakin sarrafawa sun gwada kayan. A jikin leda kuma a sa ranar yi, ranar lalacewa, lambar rukunin kayan da aka sarrafa tare, nauyi da adireshi.

Wakilin Fito, Kudenda: Ga mai tunanin ƙetare, nan ne takardar cibiya ke zama dole. Mai saye a waje zai nemi takardar shaidar asalin kaya, wadda ke tabbatar da cewa a Najeriya aka samar da su, kuma ta hannun NACCIMA da cibiyoyinta ake samunta. Amma ita ce kusan ta ƙarshe a jeri. Da farko rajistar mai fitar da kaya a NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, kuma kamfani ko ƙungiyar gama kai ake yi wa, sunan kasuwanci kaɗai bai isa ba. Sannan fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, ta banki, da biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan don aikin dubawa. Sannan takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona. Kuɗin kayan kuma dole su dawo ta asusun bankin cikin kwana 180.

Abin da ke tsayar da kwantena yawanci saɓanin rubutu ne. Takardar farashi ta ce buhu 400, takardar jerin kaya ta ce 398, takardar asali ta kira kayan da wani suna. Suna, nauyi da adadi su zama iri ɗaya a kowace takarda, harafi da harafi. Ita kuwa citta, a busar da ita danshi ya sauka ƙasa da kashi 12 cikin ɗari, a kan tamfol ko siminti mai tsabta. Wadda aka shanya a gefen titi tana ɗaukar yashi, wadda aka zuba a buhu da sauran laima kuma tana yin fumfuna a cikin kwantena kafin ta isa. Tun annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin jihar a 2023, masu saye sun ƙara tsanantawa wajen duba kaya.

Dillalin Hatsi, Kawo: Tashar kwantena ta tudu ta Kakuri da aka buɗe a 2018 fa, ana iya gama komai a can?

Wakilin Fito, Kudenda: Akwai kwastan a wurin, ana loda kwantena a duba a rufe. Amma a tambayi yadda za a kai ta Legas a lokacin, jirgin ƙasa ko mota, da kwana nawa, a kwatanta da kuɗin kai buhunan kai tsaye. Mai buhu 50 ma kada ya fara da kwantena, ya nemi wanda zai haɗa da shi a taron rukuni.

Akanta, Unguwar Rimi: Hajiya, ranar da za ki je ofishin, ki tafi da kwafi biyu na kowace takarda, ki biya ta asusun cibiyar kawai, ki karɓi rasit mai hatimi. Ki kuma nemi a sa lambarki a zauren sanarwa na rukuninku tun ranar.