Dusar ma'adinai: mu tsayar da sunan abin da masu haƙa ke bari a baya

Jama'a, salamu alaikum. Masu fassara, 'yan jarida, malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya, ku matso, akwai kalmar da nake so mu tsayar mata da suna a Hausa. Masu Turanci suna ce mata tailings, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun saba jin résidus a bakin masu Faransanci. Abin da ake nufi shi ne niƙaƙƙen dutsen da ke saura bayan an fasa dutsen ma'adini, an niƙa, an wanke, an tsame zinare ko kuza ko yuraniyam ɗin da ake nema. A kafafen labarai yau a ce shara, gobe a ce dagwalo, jibi a ce ragowa. Ni a ganina dusar ma'adinai ya kamata mu riƙa cewa, kuma ga dalilaina.

A fara sanin girman abin tukuna. A yawancin manyan mahaƙan zinare na duniya, giram kaɗan ake samu a cikin tan guda na dutse. Ke nan kusan duk abin da aka fito da shi daga rami, shi ne ke komawa wannan abin da muke nema wa suna. Zinaren ya bi mota ya bar gari, tulin ya zauna tare da mutanen garin da 'ya'yansu da dabbobinsu.

Mu kuwa ba a littafi muka karanta illarsa ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaro ya yi ta amai, ya yi ta jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, a ba shi na sanƙarau, babu sauƙi. Sai da aka auna jini aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren yankin cike yake da dalma, farashin zinare kuma ya tashi, don haka mutane suka riƙa kawo dutsen cikin gida. A daka shi a turmi, a niƙa shi a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, a wanke a bakin rijiya ko kududdufi. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yar Galma, Tungar Guru, sai Bagega da ta fi su girma. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an samu cewa cikin shekara guda kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu. A wasu wuraren da aka auna, dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar wurin, wato ninki 250 na iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin a inda yara ke wasa.

Magani ma bai yiwu ba sai da aka fara yi wa ƙasar aiki, domin in ka wanke wa yaro jini ka mayar da shi tsakar gidan nan, gubar za ta koma jikinsa. Dole aka riƙa kankare saman ƙasa gida bayan gida, a kwashe a binne a ramuka na musamman, a zubo sabuwa. Bagega sai 2013 aka yi mata, bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya. A 2015 abin ya sake ɓulla a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ga shi kuma haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya wa Zamfara a 2019 an ɗage shi a watan Disambar 2024. Za a ci gaba da niƙa dutse. Mai shela a rediyo da ma'aikacin lafiya da mai wa'azi a masallaci suna bukatar suna ɗaya da za su kira wannan abu da shi, wanda tsohuwa a cikin gida za ta ji ta gane.

Cikin sunayen da ake kiran sa da su, shara ita ce ta fi yawo, kuma ita na fi jin tsoro. Bahaushe in ya ji shara, tsintsiya ke zuwa masa a rai. To share busasshen garin dutse mai dalma tayar da ƙura ne, ƙurar ta shiga hanci, ta sauka a kan tuwo da randar ruwa da hannun jariri. Bayan haka shara juji take tafiya, juji kuma idan ya ruɓe a kwashe shi a kai gona a matsayin taki. Duk hanyar da kalmar shara ke nuna wa mai sauraro, hanyar yaɗa guba ce. Sannan shara da zarar ta bar ƙofar gida ba ta da mai ita. Wannan kuwa shi ne abin da mai haƙa marar tsoron Allah yake so a ɗauka, cewa tulin da ya bari na kowa ne, ba nasa ba.

Dagwalo ya fi shara, don yana ɗauke da ƙyama, kuma kunne ya saba da dagwalon masana'antu. Matsalarsa ruwa-ruwa yake nufi, irin wanda ke kwarara a kwata yana wari. Abin da muke magana a kai yakan fito da ruwa, gaskiya ne, amma yana bushewa, kuma bayan ya bushe ne iskar hunturu ke ɗaukarsa ta kai shi inda ba a yi niƙa ba. Wanda aka gargaɗa da dagwalo ba zai ji tsoron busasshen gari mai laushi marar wari ba. Laka da taɓo ma nan suka faɗi.

Ragowa da saura ba sa faɗin komai. Tsaki kuwa akasin abin ne, don tsaki shi ne mai gautsi da ya ƙi wucewa ta rariya, namu kuwa shi ne mai laushin.

Ɓaraguzai kalma ce mai kyau, amma a ajiye ta don wani aikin. Masu haƙa suna bambanta abu biyu. Akwai dutse da ƙasar da ake kwashewa a jibge a gefe don a kai ga jijiyar ma'adinin, ba a niƙa su ba, ba a sa musu sinadari ba. Wannan shi ne ɓaraguzan rami. Akwai kuma wanda ya shiga inji ya fito. In muka haɗa su da suna ɗaya, mun rufe bambancin da doka da likita suke bukata. Ba wai ɓaraguzan rami ba su da haɗari ba ne. A Akokan, kusa da Arlit a ƙasar Nijar, an taɓa yin ciko a tituna da irin waɗannan duwatsu na mahaƙar yuraniyam, har masu bincike suka auna a 2009 suka samu tururin yuraniyam mai cutarwa a kan hanyar da mutane ke bi kullum.

Na san akwai masu son a ce kashin ma'adinai, bisa misalin kashin maƙera. Ina girmama wannan ra'ayi ƙwarai, domin kakanninmu da suka narka tama ne suka bar mana kalmar, kuma tana da ƙyamar da ake bukata. Sai dai kashin maƙera ɗan wuta ne, dunƙulallen abin da ke fita bayan an narka ƙarfe. Manyan matatun ƙarfe har yau suna fitar da irinsa, kuma za mu bukaci sunan a can. Kada mu kashe kalma ɗaya a wuri biyu.

Wasu za su ce a taƙaita, a kira shi guba kawai. Guba hukunci ne, ba suna ba. Wani tulin yana da dalma, wani zaiba ce a cikinsa saboda da ita aka kama zinaren, wani kuma illarsa ita ce cike rafi da kashe gona. Kuma mai haƙa da ya san akwai sauran zinare a tulinsa, har ana zuwa saye don a sake tacewa, ba zai yarda ya kira dukiyarsa guba ba. Sunan da masu sana'a suka ƙi furtawa a takarda zai tsaya.

Yanzu a dubi dusa. Ana yayyafa wa hatsi ruwa, a surfa a turmi, a bakace, a wanke, tsaba ta koma gefe guda, abin da ya saura shi ne dusa. Aikin dutsen zinare haka yake tafiya, daka da niƙa da wanki da rarrabewa, kuma a Zamfara da turmin da injin duk na hatsi ne aka yi amfani da su. Kalmar tana gaya wa mai ji cewa abin gari ne mai laushi da iska ke ɗauka, cewa an riga an cire abin da ake so daga cikinsa, cewa kuma yana da sauran daraja har ana saye da sayarwa. Abin da ya fi ja na gare ta shi ne dusa tana da mai ita. Wanda ya kai surfe inji, ko ya kwashi dusarsa ko ya bar wa mai inji, amma ba a taɓa jin dusar da ba ta kowa ba. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin gyara wurin da ya haƙa, ta kuma tanadi asusun kare muhalli da farfaɗo da shi wanda masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki. In aka ce dusar kamfani kaza, a cikin sunan ma an riga an nuna wanda za a tambaya.

Ba kuma yau Hausa ta fara fitar da dusa daga rumbu ba. Muna cewa dusar katako ga abin da zarto ke zubarwa, muna cewa dusar ƙanƙara ga abin da ke sauka a ƙasashen sanyi. Babu wanda ya ji dusar katako ya ɗiba ya kai wa tunkiya.

Duk da haka akwai suka mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Dusa abar alheri ce a wurinmu, abincin dabbobi ce, babu tsoro a cikin sunanta. Mai sukar zai ce na ƙi shara don tana sa sakaci, na kawo wadda ta fi ta laushi. Amsata ita ce kada a bar kalmar ita kaɗai a sanarwa. A ce dusar ma'adinai, inda aka auna aka samu dalma a ce dusa mai dalma, inda aka yi aiki da zaiba a ce dusa mai zaiba. Ta haka sunan ya faɗi mene ne abin, sifar ta faɗi irin cutarsa. Akwai kuma tarko ɗaya da ya kamata a kauce wa. Kada a ce dusar zinare, don mai ji zai ɗauka garin zinaren kansa ake nufi, ya ƙara matsowa. A ce dusar dutsen zinare.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar tana zuwa da danginta. Ruwan da aka wanke surfe da shi ƙasari muke ce masa, wasu su ce tsari. To ruwan wankin dutse, wanda ke gangarawa kududdufin da shanu ke sha, ga sunansa nan a shirye, ƙasarin ma'adinai. Katangar da manyan kamfanoni ke ginawa su tara dusar da ruwanta kuma madatsar dusa. Irinta ce ta fashe a Brumadinho ta ƙasar Birazil ranar 25 ga Janairun 2019, ta binne mutum 270. Mai fassara da ya ce madatsar ruwa ce ta ɓalle a wannan labari, ya sa mai sauraro ya hango ambaliya irin ta damina, alhali taɓon dusar dutsen ƙarfe ne ya rufe mutane.

A gwada ta a kan namu wuraren a ji. Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akokan a ƙarshen Maris na 2021, ya bar dusar yuraniyam kimanin tan miliyan 20, wadda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu. A Bukuru da Barikin Ladi na jihar Filato, haƙar kuza tun zamanin Turawa ta bar tudun dusa da kududdufai masu zurfi a inda da gonaki ne. A sanarwar asibiti kuma a ce, kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada yara su yi wasa a kan dusar ma'adinai, wanda ya dawo daga wurin niƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Malamaina na sassan Hausa a jami'o'i, Allah ya ƙara muku lafiya, a duba mana ginin kalmar. 'Yan uwa na Anka, Bukkuyum, Maru, Birnin Gwari, Jos da Arlit, ku da ke tare da masu wannan sana'a, ku kawo sunan da ake kiran wannan tuli da shi a bakin rami da wurin niƙa a garinku, ku faɗi ko busasshen ake nufi ko mai ruwan. In akwai wanda ya riga ya zauna a bakin masu aikin kuma ya bambanta shi da ɓaraguzan rami, shi ya fi cancanta a ɗauka a kan nawa.