Neman shawara: birkin Fijo 504 ɗina ya ƙi kamawa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Akwai Peugeot 504 doguwa haɗin Kaduna da na gada wajen mahaifina, ta kai shekara 3 a ajiye, yanzu na tashe ta inji lafiya lau amma birki ya hana ni barci. In na taka sai ya tafi luf kamar na taka katifa, sai na yi famfo biyu uku sannan ya kama. Na sa sabon masta (famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu), mun cire iska har sau biyu ni da yaron gareji, ba inda man birki ke ɗiga kuma kofin man bai ragu ba. Wallahi ba na son rabuwa da motar nan, a cikinta yake kai mu makaranta.

Wani bakanike:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Kashe inji ka yi famfo har ya yi tauri sai ka danne ƙafarka kamar minti ɗaya. In yana sulalewa ƙasa a hankali to robar cikin masta ce ke sakin mai ta ciki ko da sabo ne, in kuwa ya tsaya to iska ce ko shu na baya, wato takalmin birki da ke matse dirom, gangar da ke juyawa tare da ƙafa. Ka dawo ka faɗa min.

Mai tambaya:
Oga na gwada, ya tsaya cak bai motsa ba.

Bakaniken:
Yauwa, masta ya fita daga zargi. Tambaya ɗaya, da kuka cire iska motar tana kan jak ƙafafun baya na lilo? Don 504 tana da wani bawul a ƙasa wajen aksul na baya mai rage ƙarfin birki in ba kaya, ƙafa na lilo zai tsuke hanya mai ba zai wuce sosai ba, ku kwana kuna famfo iskar na nan. Ku sauke ta ko ku tokare aksul ɗin, ku fara da baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, kuma kar a bar kofin ya bushe ko sau ɗaya. Amma kafin nan ku matso da shu kusa da dirom, in ya yi nisa takun farko duk a tura shi yake ƙarewa shi ya sa sai ka yi famfo.

Wani tsohon direba:
Ɗana ka duba tiyon roba na ƙafafu, na tsohuwar mota kumbura yake in an taka, sa wani ya danna kai kuma ka riƙe da hannu za ka ji. Man da ya shekara 3 ya sha ruwa, zubar da shi duka ka zuba man birki samfurin DOT 4 daga sabuwar gwangwani. Kar ka yarda kowa ya zuba maka man giya ko ruwan sabulu, man giya kumbura robobi yake, sabulu kuma tsatsa. Kuma don Allah kar ka hau titi da iyali sai ya gyaru.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Oga. Gaskiya a kan jak muka yi duka biyun. Yau mun ɗaure shu mun sauke ta, kumfa ta yi ta fita ta baya dama, birki ya taso sama sosai. Tiyon gaba na hagu ya tsattsage, ranar Asabar in sha Allahu zan canza dukansu kafin in fito da ita.