Sababi: daga dalili ya fito, ko daga zagi?

Auta: Salamu alaikum. Jiya a Tsohuwar Kasuwa wani ɗan kabu-kabu ya banke ƙwaryar wata mai fura. Ta tsaya kan nonon da ya malale, ta ɗora hannu a ka, tana ta sababi har mutane sunka taru. Na ce wa abokina kalmar daga "sabab" ta Larabci take, wato dalili. Ya ce ba haka ba ne, wai ban sani ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, Auta. Mi ya haɗa dalili da faɗa? Daga "sabbu" take, zagi. Duba Suratul An'am aya ta 108, "wa la tasubbu". Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim, "sibabul muslimi fusuƙun". Sibabu, sababi. Kunne ma ya isa shaida.

Yaya Babba: Allah shi gafarta Kawu, ban yarda ba. Da daga sibabu munka ɗauko, "sibabi" za mu ce. Kuma har gobe muna cewa "mi ne sababin zuwanka?" Kalma guda ce, ma'ana ta yaɗo. Dubi masifa: musiba ce ta Larabci, abin da ke auka wa mutum, amma yau in an ce mace na masifa kowa ya san faɗa take. Haka bala'i, haka fitina. Wanda ya ja sababi ya ja dalilin rigima, daga nan sunan ya koma kan rigimar.

Kawu: To ai "sabab" da "sabbu" harufansu ɗaya, sinun da ba'un biyu.

Yaya Babba: Harufa ɗaya, ma'ana daban. A Suratul Hajji aya ta 15 "sabab" igiya ce.

Goggo: Ku duka kun bar mai furar. Ni na tashi cikin mata, kuma sababi ba zagi ba ne. Mace na iya yini tana sababi ba ta ambaci uwar kowa ba. Tana lissafa abin da anka yi mata ne, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Mita a hankali ake yinta, bambami na mai iko ne kan na ƙasa da shi. Auta, ta zage shi?

Auta: A'a Goggo. Kuɗin nono take ta faɗi, da nisan garin da ta baro tun asuba.

Kawu: Wannan mace guda ce. Ni dai ina nan kan sibabu.