Yarona na son rigar Skenes da sallah: wa ya taɓa sayen rigar ɗan wasan Pirates ya ci moriyarta?

Direban Dare:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa a wannan azumi na Maris 2025. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Pittsburgh, musamman masu bin besbol. Yarona mai shekara tara ya tasa ni gaba tun kafin a ga wata, shi dai rigar Paul Skenes, mai jifan ƙwallo na Pirates, ƙungiyar garin nan, yake so a kayan sallarsa, mai lamba 30 a baya. Na ce shadda fa? Ya ce shadda ta Idi ce, wannan ta filin wasa ce. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, ko da yake ba ta da araha. Wani fasinja ne na ɗauko daga filin jirgi, da na ba shi labari sai ya kwashe da dariya, ya ce a garin nan duk ɗan wasan da yara suka so, to ya kusa haɗa kayansa. Ni shekarata uku kacal a nan, wasan ma yaron ne ke koya min. Ga 'yan wasa can Bradenton ta jihar Florida suna atisaye, ranar 27 ga Maris za a buɗe kakar 2025 a Miami. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari. Kuma ku faɗa min gaskiya, bana akwai abin sa rai, ko irin ta bara ce?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Kai, ka taɓo min inda yake yi min ƙaiƙayi. A Disambar 2017 na saya wa 'yan biyuna rigar Andrew McCutchen, lamba 22, kowa tasa don kada a yi faɗa. Ko wanki uku ba su sha ba Janairu ta shigo, aka tura Gerrit Cole Houston, bayan kwana biyu aka tura McCutchen San Francisco. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi cin abinci a daren, wai shi ma sai ya koma San Francisco. Na ninke rigunan na jefa cikin jakar kayan da zan aika gida, na manta da su a can. A 2023 sai ga McCutchen ya dawo. Na tono su ina murna, ko kan yaran ba su shiga, sun zama samari. 'Ya'yan maƙwabciyata ke sa su yanzu.

Abin da ya hana ni yin fushin har ƙarshe shi ne, a cikin waɗanda aka karɓo a madadinsa akwai wani yaro da ba mu san shi ba a lokacin, Bryan Reynolds. Yau shi ne ginshiƙin masu bugunmu, shi aka ba kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 106.75, mafi tsoka a tarihin ƙungiyar zuwa 2025. To ka gani. McCutchen ya sake sa hannu bana, shekara ɗaya, dala miliyan 5. Ina ƙaunarsa, bara sau 20 ya tsallakar da ƙwallo katanga, amma shekarunsa 38. Idan har dattijon gida ne ake jira ya ɗauko buhu, ka san akwai magana.

Ɗan Zongo:
Yaya Direba, bari in kwantar maka da hankali ta wani ɓangaren, in tayar maka ta wani. Ni a Columbus nake, awa uku na tuƙi nake yi in zo kallo, don haka na zauna na fahimci tsarin nan. Sabon ɗan wasa ba ya da ikon zaɓar inda zai je sai ya cika shekara shida a babban rukunin besbol na Amurka. Shekarun farko albashinsa kusan mafi ƙanƙanta ne, Skenes bana ko dala miliyan ɗaya ba zai karɓa ba. Daga baya ne albashin ke fara hawa, kuma a daidai nan ne ƙungiyoyi masu ƙaramin aljihu ke fara duba wa zai saya. A watan Mayu Skenes ya fara wasa bara, amma da ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa sai doka ta lissafa masa shekara cikakkiya. Ke nan yana hannun Pirates zuwa ƙarshen 2029, in ba su musanya shi ba kafin nan. Cole ma saura shekara biyu ya samu 'yanci aka rabu da shi, daga baya Yankees suka ba shi dala miliyan 324.

A besbol ba a ƙayyade wa ƙungiya iyakar abin da za ta kashe ba, haraji kawai ake ɗora wa wadda ta wuce wani mataki, masu kuɗi kuwa biya suke yi su wuce. Mets sun ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15 a Disambar da ta wuce. Mu kuwa albashin 'yan wasanmu gaba ɗaya bai kai miliyan 100 ba. Mafi girman kuɗin da Pirates suka taɓa ba ɗan wasa mai zaman kansa a kasuwa shi ne miliyan 39 na Francisco Liriano, yau shekara goma ke nan. Kuma a nan ba a faɗawa rukunin 'yan dagaji kamar yadda Kano Pillars ta faɗa a 2022. Ka ƙare na ƙarshe, baɗi kana nan daram. Mu ne dai kura da shan bugu.

Ɗalibar Oakland:
Kawu, ni ina filin PNC, gidan Pirates, ranar da Skenes ya fara wasa, 11 ga Mayun bara, da Cubs. Tun daga gadar Clemente ake tafiya kafaɗa da kafaɗa. Duk jifan da ya kai mil 100 a awa sai fili ya ɗauki ihu. Ya kori masu bugu bakwai, aka cire shi a zagaye na biyar. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba: 'yan canji suka kasa saita ƙwallo, tasoshi ukun da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki duk a cike da 'yan Cubs, sau shida ana ba mai bugu hanya kyauta maki yana shiga. Ana cikin haka ruwa ya ɓarke, muka fake sama da awa biyu, ƙawata tana cewa mu tafi ina cewa a'a. Aka dawo muka ci 10 da 9. Na koma ɗaki a jiƙe, murya ta dishe. Wasan nan ɗaya ya nuna min kakar baki ɗaya.

Masu fara jifa ba su ne matsalar ba. Skenes ya ci wasa 11 ya faɗi 3, ya kori mutum 170, a kowane zagaye tara abin da ake cin sa 1.96 ne, ko maki biyu bai cika ba. Ga Mitch Keller, ga Jared Jones, ga Bailey Falter, an ƙaro Andrew Heaney, ga Bubba Chandler yana jiran kira daga ƙaramin rukuni. Tambayar ita ce wa zai rufe wasa. David Bednar ɗan yankin nan ne, kowa na son sa, amma bara ya sha wuya har aka karɓe masa aikin a ƙarshen Agusta, Aroldis Chapman da ya riƙe kuma ya tafi Boston. Sai babbar tambayar, wa zai buga? An ba da Luis Ortiz aka karɓo Spencer Horwitz don tasha ta farko, kafin a fara atisaye sai ga labari an yi masa aiki a wuyan hannu. Ke'Bryan Hayes ba kamarsa wajen tsaron tasha ta uku, amma ciwon baya ya hana shi sakat, sau 4 kawai ya tsallakar da ƙwallo bara. Henry Davis da aka zaɓa na ɗaya a duk ƙasar a 2021 har yanzu sandarsa ba ta farka ba, Joey Bart ne ya rufa mana asiri a bayan mai bugu. Sabon hannun da aka kawo bayan fili shi ne Tommy Pham, mai shekara 37 a watan nan.

Ɗan Zongo:
Ƙanwata kin manta Oneil Cruz. Bara sau 21 ya tsallakar da ƙwallo katanga, ya saci tasha 22.

Ɗalibar Oakland:
Ban manta ba Yaya, tsoron ambatonsa nake yi. A ƙarshen Agusta aka ɗauke shi daga tsakanin tasha ta biyu da ta uku aka mai da shi tsakiyar bayan fili, wurin da bai saba ba. In ya zauna, to mun tsinci dami a kala. Na dai ga ƙwallo ta tashi sama yana ja da baya yana dawowa gaba, na rufe ido.

Ɗan Damagaram:
Ku kuna maganar manya. Ni rigar Gift Ngoepe na sa aka buga min, kuɗin bugun suna daban. Ɗan Afirka ta Kudu ne, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya taka babban rukunin besbol na Amurka, kuma a Pirates ya yi, ran 26 ga Afrilun 2017. Tsayuwarsa ta farko ya bugi jifan Jon Lester ya kai tasha. Ina wurin aiki ina kallo a waya, na yi kabbara har abokan aiki suka waiwayo. Kafin shekarar ta fita an tura shi Toronto. Rigar na nan, da ita nake wankin mota. Wani lokaci tsoho zai tsaya ya karanta sunan ya ɗaga min hannu, shi ke nan ribata.

Baƙon Kansas:
Ku yi haƙuri da shigar sharo ba shanu, ni Royals nake bi. Garinmu da kewayensa bai fi naku yawan jama'a ba. A 2023 wasa 56 muka ci cikin 162, har kunyar sa hula nake yi. Da sanyi ya shigo aka ɗauko Seth Lugo da Michael Wacha, aka ɗaure Bobby Witt Jr. da kwantiragin shekara 11 na kusan dala miliyan 289. A 2024 muka ci 86 muka shiga wasannin kifa ɗaya kwala. Ranar da aka sanar da kwantiragin na je na saya wa 'yata rigar, ba kafin nan ba. Milwaukee da kuke rukuni ɗaya ma ƙaramin gari ne, shekara biyu a jere suna ɗaukar rukunin.

Dattijon Unguwa:
Ɗana, na zo garin nan karatu a 1991, na tarar da Barry Bonds yana tashe. Bayan kakar 1992 ya tafi San Francisco, daga nan muka yi shekara ashirin cur, 1993 zuwa 2012, ba mu ga kakar da cin wasa ya fi faɗuwa yawa ba. Na yi aure a ciki, na haifi 'ya'ya, babbar har ta shiga jami'a. Kowace Maris sai in ce bana ce. Shi ya sa daren 1 ga Oktoban 2013, da muka koma wasannin kifa ɗaya kwala, ba zai fita raina ba. Fili ya yi baƙi ƙirin da riguna, ana ta rera sunan Johnny Cueto na Reds har ƙwallo ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa, jifan da ya biyo baya Russell Martin ya aika ta bayan katanga. Wani Bature da ban sani ba ya rungume ni yana kuka. A 2015 muka ci wasa 98, wasa ɗaya da Cubs ya kore mu, tun daga nan ba mu sake leƙa wasannin kifa ɗaya kwala ba. Bara zuwa ƙarshen Yuli muna cikin masu nema, Agusta ta zo muka faɗi goma a jere, aka ƙare da cin wasa 76 da faɗuwa 86, daidai da na 2023. Ban ga abin da aka ƙaro bana da zai sa in yi maka alkawarin fiye da haka ba, sai dai in yaran nan masu jifa sun ɗauke mu a ka.

Ni rigata ɗaya ce, lamba 21, Roberto Clemente. Kaka 18 ya yi, duk a nan, bugu 3,000 cif. Ya rasu a hatsarin jirgi ranar 31 ga Disambar 1972 yana kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa. Ka saya wa jikana wannan, ba mai tura shi ko'ina.

Direban Dare:
Na gode Baba, na gode kowa. Bayan asham na zaunar da shi na ba shi labarin Clemente, ya saurara tsaf, ya ce Allah sarki, sannan ya ce shi dai 30. Uwarsa ce ta raba gardamar. Ta ce yaron da takalmi ba ya yi masa wata takwas, ina rigar da za ta kai shi 2029? In sha Allahu gobe zan sayo daidai jikinsa, ba mai girma ba. Wasan farko a gida Juma'a ce, 4 ga Afrilu, da Yankees, sallah ta wuce. In an sauko daga masallaci akwai wurin mutum uku a motata.

Maman 'Yan Biyu:
Ka riƙe min biyu Malam. In ta yi masa kaɗan kada ka ba kowa, jikan yayata na tasowa.