Kiliyan ɗina ba ta san dare ba, ya kuke yi da irin wannan?

Ƴar Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga gida nake yi wa wata mata da ke Lyon a Faransa aiki, kayan shafa take saidawa a intanet, ni ke amsa mata imel, in tsara mata randebu a Google Calendar, in bi sawun faktir ɗin da ba a biya ba. Da baki muka shirya kan awa huɗu a rana amma yanzu har hotunan talla take turo min in haɗa a Canva, kuma sha ɗayan dare sai ka ji WhatsApp ya yi ƙara, kuɗin kuwa yana nan inda yake. Ina tsoron in yi magana ta nemi wata.

Yaya Lazare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalar tana wurin "da baki muka shirya" ɗin nan. Ba sai kin nemi wani babban kontira ba, imel guda ya isa: ga ayyukan da nake yi, ga lokacin da nake kan layi, abin da ya wuce haka ga farashinsa a awa, ki ce ta amsa da to. Su ma sun saba da haka, wanda bai rubuta ba shi suke ɗauka kamar bai san aikin ba.

Kuma in za ki rubuta lokaci ki faɗi agogon wa. Mu nan Nijar ba ma canza agogo, su kuwa daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa 1, sauran watannin kuma daidai muke da su, to in kin ce ƙarfe tara ba ki bayyana ba wata rana tana jiranki tun takwas ɗinmu ke kuma kina wajen kai yara lekol. Ki sa mata hutun sallah da Juma'a a kalanda tun yanzu. Saƙon dare kuwa ki bar shi sai safe, in kin amsa sau ɗaya kin koya mata ke nan.

Ɗan Ader:
Gaskiya ne wanga zance. Mu nan Tahoua abin da ya fi cin mutum kuran ne da rezo, balle lokacin zafi, Afrilu da Mayu. Ni layi biyu gare ni na kamfani daban daban, ordinata kullum cike da caji, takardun Google Drive kuma na kunna musu aiki ba intanet, in kuran ya tafi ina ci gaba in ya dawo su hau da kansu. Aiki mai nauyi bayan asuba nake yin shi kafin gari ya ɗau zafi.

Batun kuɗi, tunda Faransa take kin yi sa'a, yuro ba ya motsi da sefa, yuro 1 kusan sefa 656 ne, wato yuro 100 jika 65 da ɗoriya. Masu karɓar dalar Amurka su ke lissafi kowane wata. Amma ki rubuta wa zai biya kuɗin turawa, don nan ne ake rage wa mutum ba ya ji. Sabon aiki kuma a ba da rabi abans.

Maman Biyu:
Ni dai ban yarda ta tura dokoki haka kwatsam ba, mutum ce, za ta ji kamar an kai ta ƙara. Ki fara tura mata taƙaitaccen rahoto duk yamma, abin da kika yi da lokacin da ya ci, in ta ga da idonta awa huɗu ta koma shida ko bakwai maganar ƙari ba za ta yi wuya ba. Akwai wani aplikasiyo, Toggl, yana ƙirga lokacin aiki kyauta.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba, modepas ɗinta kar ki bar su cikin WhatsApp ko ki buɗe imel ɗinta a siber, ki sa su a Bitwarden, aplikasiyon ajiye modepas, yara ma kar su riƙa kallon fim a ordinatan aikin.

Ƴar Boukoki:
Na gode, Allah ya saka. Rahoton zan fara tukuna. Yaya Lazare, shi Canva ɗin a awa ake sa mishi farashi ko kowane hoto da nashi?

Yaya Lazare:
Kowane hoto, kuma ki ce gyara sau biyu ne a ciki, na uku da kuɗinsa.