Tambaya: dajin Yakushima, a mota ko a ƙafa?

Matafiyi: Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya san tsibirin Yakushima na Japan ya taimaka don Allah. Motar haya da mutum ke tuƙawa da kansa za ta kai shi har gindin tsohuwar bishiyar nan Jomon Sugi? Kuma kwana biyu sun isa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ko kusa ba ta kaiwa. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba ba a barin motocin da mutane ke tuƙawa da kansu su hau zuwa mashigar Arakawa, inda hanyar ƙafa zuwa bishiyar ta fara. A gidan tarihin Yakusugi za ka ajiye ta, ka shiga bas da asuba, tikitin kuma ka saye shi tun ana gobe. Daga nan sai ƙafa, wajen kilomita 22 zuwa da dawowa, awa tara zuwa goma. Kilomita takwas na farko a kan tsohon layin dogon ɗaukar katako ne, a shimfiɗe yake, shi ke ruɗin mutane su yi ta sauri. Yana ƙarewa sai matakala da saiwoyi, a nan gwiwa ke gaya wa mutum gaskiya. Ƙarfe ɗaya na rana ta yi, ko ka isa ko ba ka isa ba, juya, in ba haka ba bas ɗin ƙarshe ya tafi ya bar ka.

Hajiya Rabi: Ƙari a kan na Malam, ruwa ne babban abin lura. Saman duwatsun na samun abin da ya kai milimita 8,000 a shekara. Lema kaɗai ba ta wadatarwa, nemi rigar ruwa da wandonta, da takalmi mai kama ƙasa, don katakon da ya jiƙe santsi ne da shi kamar sabulu. In hazo ya sauko, bi ƙyallayen ruwan hoda da aka ɗaura a rassa. Ka daina ganinsu, tsaya, koma inda ka ga na ƙarshe. Ka riƙe tocilan ta goshi. Bishiyar ma daga kan dandamali ake kallonta, ba a taɓawa, don takun mutane na lalata saiwa.

Ɗan Direba: Amfanin motar shi ne zagaye tsibirin, kusan kilomita 100, kuma a hagu ake tuƙi. Sha mai kafin ka shiga Seibu Rindo, hanyar daji ta yammacin tsibirin. Hanyar siririya ce, ga kwana-kwana, birai da barewa na kwance a tsakiyar kwalta. Kada ka ba su abinci. Kwana uku ya fi, Matafiyi, don ruwa mai ƙarfi kan sa a soke bas ɗin Arakawa.